Binciken Asalin Malam Yusufu

Tun da na dawo daga ƙasar Filifin ban sami sakat ba. In na fito masallaci a tare ni, in na shiga kasuwar Birnin Kudu sayen gishiri a tare ni, har a wurin zaman makoki wani ya matso kusa da ni yana raɗa, wai da gaske ne a rumbu suka kwantar da ni? Labarin kuma kullum ƙara kitse yake yi a bakin mutane. A Kiyako an ce na auro mace a can, a Kangire an ce an ci ni tarar aladu. Bakina ya gaji. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda in wuce.

Ga yadda abin ya faro. A 'yan shekarun nan da kuɗin mai suka shigo, gwamnati ta buɗe makarantu fiye da malaman da take da su, sai aka riƙa ɗebo malamai daga ƙasashen waje. A sakandaren da nake koyar da Hausa aka kawo mana wani gajeren mutum mai yawan dariya daga Filifin, sunansa Hose, yana koyar da lissafi. Kafin ka ce me, ya iya cin tuwo da hannu, ya iya tayi a kasuwa har ya fi ni samun ragi. Da ƙafarsa ya je wurin limamin unguwarmu ya musulunta, ya zama Malam Yusufu. Daga baya zazzaɓi ya kai shi asibiti, inda ƙanwata Hajara take aikin jinya. Hajara bazawara ce, mijinta ya rasu, ta kuma kori manema har mun gaji da ba mutane haƙuri. Ita da bakinta ta ce mini, "Yaya, in ba shi ba, a bar ni da aikina."

Mahaifinmu yana Gwaram. Bafillace ne, amma shanun sun ragu, Fillancin ma ya bi su. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ya yi shi ba sai in saniya ta ɓata masa rai. Ni ne ɗan farinsa, don haka bai taɓa kiran sunana ba, "kai wannan" nake a wurinsa. Na same shi a gindin tsamiya yana tufka igiya, na kai masa maganar.

"Mutumin kirki ne?" in ji shi.

"Kowa ya shaide shi, Baba."

"Yana salla?"

"Yana riga ni zuwa masallaci."

"To, ɗan wane ne?"

Na ce ban san gidansu ba.

"Kai wannan, ban taɓa ba da 'ya ba sai an je an ga gidan mutum, an ga iyayensa, an tambayi maƙwabta. Ba a kan Hajara zan fara ba. A je a gano."

Na ce, "Baba, garin nan fa ya ninka Makka nisa."

"Ai ba da ƙafa za ka ba."

Na san Baba. Ya faɗi haka ne don ya tabbata babu mai zuwa, maganar ta mutu ba tare da ya ce a'a ba. Abin da bai lissafa ba shi ne, a shekarar aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas. Abokaina suka sayi babura da rediyo, ni kuwa na sayi tikitin jirgi. Malam Yusufu ya so ya raka ni, Baba ya ce ba a tafiya bincike da wanda ake bincika. Sai ya buga wa yayarsa waya ta tarye ni. A tasha ya riƙe hannuna, ranar babu dariya a fuskarsa, ya ce, "Malam Ɗahiru, ka lallaɓa mini tsohuwata. In ba ta sa albarka ba, ni ma ba zan iya ba."

Innarmu ta haɗa mini guzuri kamar mai tafiya yaƙi: kilishi, dambun nama, yaji, ƙunshin daddawa, da goro a naɗe cikin jiƙaƙƙen algarara don tsarabar surukai. Daga Kano jirgi ya ɗaga da mu zuwa Alkahira, aka sake wani zuwa Bombay, aka sake wani zuwa Bankok. Mu muna gudu gabas, rana tana gudu yamma, sai sallolin suka cakuɗe mini. Ban gama tunanin La'asar ba na ga Magariba ta wuce ta taga. Na riƙa biyansu a filayen jirgi, mutane suna kewaye ni da akwatunansu.

A Manila ma'aikacin kwastan ya kwance ƙunshin daddawa, ya ja da baya, ya toshe hanci. Na ce shi ke nan, yau zan kwana a hannun hukuma saboda kayan miya. Sai na ga ya dawo ya sake sansanawa, ya kira abokin aikinsa, suka fashe da dariya. Wai su ma suna da irin nasu, da ƙananan kifi suke yi, kuma nasu ya fi nawa tashi. Ya roƙi guntu zai kai wa matarsa. Mai buga hatimi kuma ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Na ce na zo ganin iyayen wanda yake neman ƙanwata. Ya dube ni, ya dubi fasfo, ya miƙe tsaye ya ba ni hannu. Ya ce da surukansa sun yi masa haka, da har yau yana gwauro.

Yayar Malam Yusufu, Malama Rosa, tana jira a waje da kwali ɗauke da sunana. Wahalar banza ta yi, don ni kaɗai ne mai babbar riga, kuma na fi kowa a wurin tsawo da kai guda. Malama ce a wata kwaleji a garin Bagiyo, aikinta ya haɗa da bin tsofaffi ƙauye-ƙauye tana tattara kalmomin harsunansu. Da Turanci muke magana ni da ita. Ba ta da yawan dariyar ƙanenta, amma in ta kalle ka ta gefen tabarau sai ka ji kamar ba ka yi aikin gida ba.

Mu a Birnin Kudu mun ɗauka harshensu ɗaya ne, Filifinanci. Akwai ma wani ɗan ƙasarsu a makarantarmu da suke Turanci da Malam Yusufu, muka riƙa cewa girman kai ne. A motar da ta ɗauke mu zuwa arewa na gane zunubinsu muka ɗauka. A Manila Malama Rosa ta yi wani harshe da kwandasta. Da muka tsaya cin abinci a wani gari ta yi wani daban da mai ayaba. Da muka fara hawan dutse ta sake wani. Na ce, "Malama, wai bakuna nawa gare ki?"

Ta yi mini bayani mai tsawo, ni kuma ga yadda na ajiye shi a kaina. Harsunan arewacin tsibirinsu gida ɗaya ne babba, masana suna kiransa da sunan jerin duwatsun wurin, Kodiliyera. Ilokano ɗan gidan ne da ya ware sashensa ya sauka bakin teku, ya kama kasuwanci har kowa ya koyi bakinsa, kamar dai Hausa a wurinmu. Can arewa akwai ɗakin su Ibanag. A tsakiya akwai ɗakin da su Malam Yusufu suka fito, wato Ifugaw, tare da Bontok da Kankanay, waɗannan biyun ma uwa ɗaya uba ɗaya suke. A kudu akwai ɗakin Ibaloi da Fangasinan. Tagalog na Manila kuwa dangi ne, amma ba a gidan aka haife shi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Fangasinan. A bakin teku yake zaune, katanga ɗaya da Ilokano, amma ɗan ɗakinsu shi ne Ibaloi da ke can kan dutse. Na ce mata ai mu ma haka ne. Hausa da Fillanci kwano ɗaya suke ci a gidanmu, amma ba su haɗa kaka ba. Warjanci kuwa na maƙwabtanmu, wanda ba na jin ko "zo" a cikinsa, a kwaleji aka koya mana ɗan'uwan Hausa ne. Ta ji daɗin wannan har ta cire tabarau ta goge.

Daga nan ta ce gidan nasu ma reshe ne na wata babbar zuriya da ake kira Austronesiya. Kakanninsu mutanen kwalekwale ne, wasu masana sun ce daga Taiwan suka taso, suka bazu har Indonesiya da Malesiya da tsibiran tsakiyar teku. Wani reshe ma ya yi ta tuƙi har ya sauka Madagaska, a gefen Afirka.

"Afirka tamu?" na ce.

"Taku."

Wani daɗi ya rufe ni. Na adana wannan magana a raina, na ce ga abin da zan burge surukai da shi.

A gidanta na sauka a Bagiyo, garin da sanyinsa ya sa na yi alwala ina karkarwa. Shinkafa da safe, shinkafa da rana, shinkafa da yamma, fara fat, babu miyar da za ta riƙe ta. Naman da ya fi yawa a kasuwa ba nawa ba ne, sai na dogara da ƙwai da kifi da yajin Inna. Amma zan faɗi alherin matar nan: kafin in zo ta sayi sabuwar tukunya da sabon cokali, ta hana kowa taɓa su, don ƙanenta ya rubuto mata abin da Musulmi ba ya ci. Wannan ya shiga raina ƙwarai.

Hanyar da ta tashi daga Bagiyo ta ratsa ƙasar Kankanay da ta Bontok, ba na yi wa ko maƙiyina fatan bin ta. A jikin dutse aka sassaƙe ta, dama bango, hagu rami wanda ba a ganin ƙarshensa, direba kuma yana tuƙi yana waƙa. An ɗaure alade a saman motar daidai kan tagata, duk kwanar da aka sha sai ya yi kuka, ni ma in yi salati. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ga halin da nake ciki, ta ɗora mini kazarta a cinya, wai in riƙe in sami abin yi. Ya kuwa yi amfani.

Inda mota ta ƙare muka kama ƙafa. Gonakin shinkafarsu hawa-hawa suke a jikin dutse, kowace cike da ruwa, hanyar kuma ita ce kunyar da ke tsakaninsu, faɗinta bai wuce tafin ƙafa ba. Ni kuma na cancaɗa ado da farar shaddar da na tanada don ranar. Malama Rosa ta ce in cire babbar rigar in riƙe a hannu. Na ce ɗan Gwaram ba ya zuwa gidan surukai da 'yar ciki. Muna hango rufin gidajen ƙauyen iska ta shiga rigar ta buɗe ta, na yi rawar da ban taɓa yi ba ko a bikina, na faɗa gonar ƙasa. Haka na shiga garin, taɓo har hula, dattawa suna jere suna jiran babban baƙo daga Afirka.

Su dattawan bante ne a jikinsu, wasu sun ɗora kwat a sama. Bakinsu ja wur, na ce a raina, alhamdu lillahi, 'yan goro ne. Ashe wani ɗan itace ne suke haɗawa da ganye da farar ƙasa, suna kiransa moma, kuma da shi ake buɗe kowace magana, kamar goro a wurinmu. Na ba su nawa, suka ba ni nasu. Su suka yamutsa fuska saboda ɗaci, suka haɗiye don kunya. Ni kuwa na tauna nasu sai na ga duwatsun sun fara zagaya ni, na zauna a ƙasa ba tare da an ce in zauna ba.

Sai maganar rumbu. Gaskiya ne, kuma ƙarya ne. Sun nuna mini wani ɗaki a kan ginshiƙai huɗu, da rufin ciyawa, da tsani, da faifan katako a wuyan kowane ginshiƙi don hana ɓera hawa. Duk wanda ya tashi a ƙauye irin namu ya ga wannan zai ce rumbu ne. Raina ya ɓaci, na ce wa Malama Rosa ko don na zo da taɓo ne aka haɗa ni da hatsi? Ta kalle ni ta gefen tabarau ta ce ɗakin marigayi mahaifinsu ne, babu wanda ya fi shi daraja a ƙauyen, uwarsu ce ta fita ta bar mini. Na hau tsanin da sanyin jiki, na kuma buga goshi a ƙofa.

Za su yi mini girki na ga an kama kaza an ɗauko sanda, wai bugunta ake yi kafin a babbake. Na roƙa a ba ni wuƙa, na fuskanci inda nake zaton alƙibla ce na yanka da bismilla. Da aka fasa cikinta, kawunsu, wani tsoho da kowa ke kira Afu, ya tsuguna ya daɗe yana duban maɗaciyar, ya ce ta kwanta daidai, baƙon da alheri ya zo. Ni dai yanka na yi, abin da suka karanta a ciki tsakaninsu ne.

Bincike kam na yi shi yadda Baba zai so. Na zaga maƙwabta da Malama Rosa, na tambayi sata, na tambayi hauka, na tambayi kuturta, babu ko ɗaya. Na ce Baba ya umarce ni in ga kakan yaron in yana nan. Suka ce yana nan. Aka shiga ƙarƙashin ɗakin da nake kwana aka fito da wani ƙunshi cikin bargo mai kyau, aka kwance a gabana cikin ladabi. Ƙasusuwansa ne. Haka al'adarsu take, suna tono na manyansu su wanke su adana kusa da su. Na yi ta maza na gaishe shi, amma daga ranar barcina ya ragu.

Ranar taro aka shimfiɗa tabarmi, dangi suka cika wurin. Mahaifiyar Malam Yusufu tana gefe, 'yar ƙaramar tsohuwa da aikin gona ya tanƙwara, tana shan lofe, ba ta ce mini komai ba tun zuwana. Afu ya rufe ido ya fara jero kakannin Malam Yusufu, wane ya haifi wane, ya auri wance 'yar wane, ta wajen uwa da ta wajen uba, har ƙafata ta yi sanyi na sake zama. Na ce a raina, asali kam har ya yi yawa. Da ya gama aka ce saura ni. Na kawo Baba, na kawo kakana, na kawo baban kakana, na tsaya, don iyakar abin da na sani ke nan.

Na ga kamar an raina ɗan abin da na kawo, sai na ce lokacin fito da ajiyata ya yi. Kun san yadda muke yi a gida. In ana maganar aure, dangantaka ake nema ko ta ƙarfi ce, a ce ai kakarku da kakarmu 'yan ɗaki ɗaya ne, nan take magana ta yi sauƙi. Na miƙe na gyara riga. Na ce ni ban zo a matsayin baƙo ba, gida na zo. Na ce kakanninsu sun tuƙa kwalekwale har Afirka, mu kuwa 'yan Afirka ne, saboda haka Hajara da Yusufu jini ɗaya ne, auren zumunci za a yi. Na ƙara da cewa mu gidanmu mun san darajar wannan, ni kaina 'yar baffana nake aure, Baba ma 'yar gwaggonsa ya aura.

Malama Rosa ba ta fassara ba. Ta ce, "Malam, ka tabbata in faɗa musu wannan?"

Na ce, "Faɗa musu yadda na faɗa, kada ki rage komai."

"Malam, ka bari in..."

"Malama, wannan fagena ne. Aure nawa na halarta?"

Ta fassara. Ina tsaye ina murmushi ina jiran tafi. Wata mata ta ja 'yarta ta matsar da ita daga kusa da ni. Tsohuwa ta cire lofe daga bakinta, ta yi magana a karo na farko, gajeriya.

"Me ta ce?" na tambaya.

"Ta ce ta gode da ka faɗi gaskiya tun ba a ɗaura ba. A gaya wa ɗanta ya dawo gida."

Sai a lokacin aka bar Malama Rosa ta ƙarasa abin da na katse. A wurinsu babu abin ƙyama kamar auren dangi. Jero kakannin nan da Afu ya yi ba don alfahari ba ne, don a tabbata ne ango da amarya ba su haɗu a ko'ina ba. Ni kuma na tsallako rabin duniya na miƙe a gaban jama'a na rantse sun haɗu.

Na ce a gaya musu salon magana ne kawai irin namu. Afu ya ce wanda ya zo maganar aure ba ya salo, ko dai ɗazu na yi ƙarya ko yanzu nake yi, in zaɓa. Amma ya ce akwai sassauci: in dangantakar mai nisa ce ana iya wanke ta da yankan aladu, yawansu gwargwadon kusancin. Na hango kaina a gindin tsamiya ina gaya wa Baba an yanka aladu da sunan gidansa. Daga nan mutanen Kangire suka samo labarinsu, amma ko ɗaya ba a yanka ba.

Ranar ban iya cin shinkafar ba. Kunya ta ishe ni, baƙin ciki ya fi ta. Hajara ta daɗe ba ta yi dariya ba sai da mutumin nan ya zo, ta amince da ni ta aiko ni, Baba da ya ƙi auren bai iya kashe shi ba, ni da nake so na kashe shi da bakina.

Da safe ina zaune a kan tsani Malama Rosa ta kawo mini dafaffen dankali. Ta ce, "Malam, ba kai ka ce mini Hausa da Fillanci kwano ɗaya suke ci amma ba su haɗa kaka ba? Madagaska maƙwabciyarku ce kawai. Harshenta namu ne, naku ba namu ba ne." Na ajiye dankalin. Na ce ta roƙar mini Afu a sake zama.

Da aka taru na tambayi Afu ta yaya ya san mutanen Bontok danginsu ne, alhali babu su a jerin da ya karanta. Ya ce a baki ake ji. Na ce to a gwada nawa bakin. Na sa aka ajiye dutse da ƙoƙon ruwa da garwashi a tsakiyar fili. Akwai wata 'yar Bontok da ke aure a ƙauyen, da wani Ba'ilokano mai tallan gishiri, aka kira su. Na nuna dutse. Afu ya ce batu, matar ta ce fato, mai gishiri ya ce bato, Malama Rosa ta ce a Madagaska vato suke cewa. Na buga ƙirji na ce, "Dutse!" Aka fara 'yar dariya. Na nuna ruwa: danum, canum, danum, na Madagaska rano. Na ce, "Ruwa!" Garwashi kuwa duk apuy suka ce ko abin da ya yi kama da shi, ni na ce wuta. Da aka zo ƙidaya, su duka suka haɗu a lima, wato biyar, kamar sun haɗa baki. Ni na fara ɗaya, biyu, uku, ina kaiwa huɗu ƙauyen ya kece da dariya, tsofaffi suna ta murɗa harshe suna son su faɗa, ya ƙi fita.

Afu ya share hawayen dariya ya ce bai taɓa ganin bare irina ba, ko tsuntsun dajinsu ya fi ni kusa da su. Ban taɓa jin daɗin zagi irin wannan ba. Har yau ina zargin tsohon nan ya san gaskiya tun farko, so yake ya ga yadda zan fita.

Amma tsohuwa ba ta yi dariya ba. Ta ce ta ji an ce mahaifina yana da wani harshe daban, a gwada shi ma. Na ce ban iya ba, sai kalmomin da ake tsawata wa saniya. Na faɗe su, aka sake dariya, aka yarda su ma ba nasu ba ne. Ita kuwa ta dube ni ta yi magana, Malama Rosa tana fassarawa a hankali.

"Ubanka yana da baki, kai ba ka da shi. A gida ɗaya kuke. To ni da nake bayan teku, jikokina da me za su san ni?"

Ashe abin da ke cin ta ke nan tun zuwana, maganar dangantaka ƙofa ce kawai na buɗe mata. Ta kama hannuna da nata mai kaushi, ta riƙa lanƙwasa yatsuna ɗaya bayan ɗaya: oha, duwa, tulu, opat, lima. Ta sa na maimaita har ya zauna. Ta ce in kai wa 'ya'yan Hajara, in na yi alkawari ta sa albarka. Na yi alkawari. Ta shiga ta fito da zane saƙar hannunta ta ce na amarya ne. Shi mutanen Kiyako suka gani a jakata suka ce na auro mace.

Dawowa ba ta da labari, sai dai na cire babbar rigar kafin in hau kunyar gona. Ban kwana Birnin Kudu ba na wuce Gwaram. Baba yana gindin tsamiyarsa da igiya, kamar tun da na tafi bai tashi ba. Hajara tana bayan zana, ina ganin ƙafafunta.

"Kai wannan, ka je?"

"Na je, Baba."

"Suna da asali?"

"Sun fi mu, Baba. Har kakansa na gani, a naɗe cikin bargo."

Na kwashe komai na gaya masa, har faɗuwata a gona da wautar da na yi a taro. Bai yi dariya ba. Da na zo kan maganar tsohuwa, cewa ubana yana da baki ni ba ni da shi, sai hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Na nuna masa yadda ta lanƙwasa mini yatsu, na ƙirga masa har lima.

Ya saki igiyar ya buɗe tafin hannunsa. Can sai ya lanƙwasa ɗan yatsa ya ce, "Go'o." Ya lanƙwasa na biyu. "Ɗiɗi. Tati. Nayi. Jowi." A hankali yake faɗa, kamar mai taka hanyar da ciyawa ta rufe. Ban taɓa jin Fillanci a bakinsa ba tare da faɗa ba sai ranar.

Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka, bai dube ni ba.

"Ka gaya wa malamin lissafin nan," in ji shi, "in za a koya wa jikana ƙidayar mutanen dutse, da tawa za a fara."

A bayan zana na ji ƙafafun Hajara sun ruga cikin gida.